An dakatar da ƙanina daga aikin layin dogo kan ƙarafan da aka sace, wace ƙofa za mu buga?

Manomin_Gero:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani akan harkar ƙwadago a taimaka mana da shawara. Mu mutanen wani ƙauye ne a Jigawa, ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya yana aikin layin dogo, yana cikin masu zagayen layi, waɗanda suke bin dogo a ƙafa suna duba ƙusoshi da ɗaurin ƙarfe da inda ruwa ya zaizaye ƙasa. Ba zan faɗi wajen da yake aiki ba tunda maganar bata mutu ba. Watan da ya wuce 'yan gwangwan suka shigo cikin dare suka kwance ƙarafan da suke riƙe dogo a yankin da yake dubawa, kuma shi da kansa ne ya gani da safe ya kira helimansu, wato shugaban leburorin layi, ya gaya masa, amma ba a jima ba sai gashi an miƙo masa kweri wai ya yi bayani cikin awa 48 me zai hana a hukunta shi akan sakaci da aiki da zargin haɗa baki da ɓarayi. Yaro tsoro ya kama shi, ya tafi shagon mai kwamfuta ranar kasuwa aka buga masa amsa layi huɗu, duk a yi haƙuri ne da ba zan sake ba. Yanzu dai an dakatar dashi, rabin albashi ake bashi, an ce kwamiti zai zauna a kansa. Mata ɗaya 'ya'ya uku ga tsohuwarmu a hannunsa.

Wani malamin makaranta a garinmu yace wai akwai kwamitin gwamnati na masu raba gardama tsakanin ma'aikaci da mai aiki, ba kotu ba ne kuma ba a kashe kuɗi sosai. Shin gaskiya ne? Ta ina ake shiga? Ko mu jira a kore shi tukuna sannan mu nemi lauya?

Dattijon_Kasuwa:

Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita. Ni dai shawarata ku bar zancen lauya da su kwamiti, talaka baya ja da wanda yake biyansa albashi. Ku samu dagacinku ko wani babba da ake jin kunyarsa, ku ɗauki limami, a je a samu ogan a gida ba a ofis ba, a bashi haƙuri. Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne. In kuka kai ƙara ko yaron ya ci shari'a ya dawo aiki an sa masa ido kenan har ya yi ritaya.

TsohonHelima:

Salamu alaikum. Ɗana ne yake buga min a waya ni ina faɗa. Na yi aikin reluwe a layin Kano zuwa Nguru, wanda ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, tun ina leburan layi har na zama helima, don haka irin wannan magana ba baƙuwa bace a wurina.

Alhaji mai shawarar roƙo, ban ƙi taka ba, ana yi kuma wani lokacin yana ci. To amma roƙo yana amfani ne a laifin makara ko fashin kwana biyu. Wannan zargin haɗa baki da ɓarayi ne, in ya tabbata a fayil kora ce babu garatuti, kuma tabo ne a kan yaron da gidansu. Ogan da za ku je gidansa ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba, fayil ne zai tafi sama, waɗanda za su karanta basu san fuskar yaron ba balle ta limamin. Abin da suka gani a rubuce shi ne yaron. Kuma me za su gani yanzu? "Ba zan sake ba." To me ya yi da ba zai sake ba? Baki shi ke yanka wuya, ɗana.

Ga abin da za ku yi tun kafin kwamiti ya zauna. Mai zagayen layi yana da lokacin fita da lokacin dawowa, kuma akwai inda ake rubutawa. Ku nemo jadawalin aiki na wannan makon, a gani shin aikin rana aka bashi ko gadin dare. Idan zagayensa na safe ne ya duba ya rubuta lafiya lau ya tashi, sata ta auku ƙarfe biyun dare, to ina sakacin yake? Mutum ɗaya da guduma da tuta a hannu ba shi ne zai kwana a daji yana tsaron kilomita da yawa ba. Sannan kiran da ya yi wa helima da safe, kar ya goge a wayarsa, ya ɗauki hoton lokacin kiran ya ajiye a wata wayar. Ya tuna ko akwai wanda ya gan shi, mai gona a bakin layi ko Bafulatanin da yake tsallaka da shanu da sassafe, waɗannan mutanen suna ganin abin da ofis baya gani.

Zamaninmu an taɓa tuhumar wani yaro a ƙarƙashina kan irin wannan, abin da ya cece shi ɗan littafin aljihu ne duk ya sha gumi ya yi baƙi, kullum yana rubuta lokacin da ya fita da lambar turken da ya tsaya, har da ranar da ya rubuta cewa ya ga sawun amalanke kusa da kwalbati ya kuma sanar. Sakataren yuniyan ya ajiye littafin a gaban kwamiti ya buɗe shafin, aka kira wanda aka sanar ya amsa, magana ta ƙare a nan.

Kuma ya je wajen yuniyan yau ba gobe ba, ai ba sadaka yake basu ba duk wata ana cire masa kuɗin ƙungiya. Ƙungiyar ma'aikatan reluwe tana cikin mafi tsufa a ƙasar nan, Michael Imoudu da ya ja yajin aikin gama-gari na 1945 ai ɗan reluwe ne. Kada ya shiga ɗakin kwamiti shi kaɗai.

Barista_Kn:

Slm. Baba TsohonHelima ya gama magana wlh, abin da ya faɗa shi ne rabin shari'ar. Bari in ƙara ta ɓangaren doka, sai dai zan yi tsawo a yi haƙuri.

Malamin makarantar nan bai yi ƙarya ba, kwamitin masu raba gardamar yana nan, ana kiransa IAP (Industrial Arbitration Panel), yana ƙarƙashin dokar rikicin ƙwadago ta 1976. Amma ba ƙofa bace da mutum ɗaya zai je ya ƙwanƙwasa da takardarsa a hannu. Yadda dokar ta shimfiɗa, da farko ɓangarorin biyu su gwada sasantawa ta hanyar da suka riga suka yarda da ita a tsakaninsu, in ta ƙi su zauna gaban mai shiga tsakani da su biyun suka amince dashi, in kwana 7 suka wuce babu daidaito a kai rahoto ga Ministan Ƙwadago a rubuce cikin kwana 3, shi kuma yana iya naɗa mai sasantawa daga ma'aikatarsa, in nan ma ta ƙi to shi ministan ne zai tura maganar ga IAP. Bambancinsu da na baya shi ne masu sasantawa lallashi kawai suke yi, su kuwa IAP sauraro suke su yanke hukunci, doka ta basu kwana 21 sai in minista ya ƙara musu. Hukuncin ma ba hannunku za a baku ba, wajen minista zai fara zuwa, shi zai sanar da ɓangarorin ya basu kwana 7, in babu wanda ya ƙi amincewa ya tabbatar dashi ya zama dole, in akwai wanda ya ƙi sai a wuce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Kun ga wannan doguwar hanya an yi ta ne don rigimar ƙungiya da mai aiki. Sai in yuniyan ce ta ɗauki maganar ƙaninka ta mayar da ita tata, misali ta ce ana ɗora wa ƙananan ma'aikata laifin rashin tsaro, sannan za ta bi ta can. In shi kaɗai ne, ƙofarsa Kotun Ma'aikata ce kai tsaye, akwai reshenta a Kano. Tun gyaran tsarin mulki na uku da aka yi a 2010, sashe na 254C, duk shari'ar aiki da kora tata ce ita kaɗai, kar wani ya ja ku babbar kotun jiha ko majistare ku ɓata kuɗi da lokaci a ce babu hurumi. Kuma ita kanta kotun tana da cibiyar sasanci tun 2015, alƙali yana iya tura ku can a zauna a daidaita ba tare da doguwar shari'a ba.

Yanzu tambaya mafi muhimmanci Malam, wacce baka faɗa ba: wa ya ɗauke shi aiki? Ku buɗe takardar ɗaukarsa ku duba. In ma'aikacin hukumar gwamnati ne na dindindin wanda doka ta tsara yadda ake ladabtar dashi, to duk matakin da aka tsallake, ba a bashi tuhuma a rubuce ba, ko ba a bari ya ga shaidar da ake amfani da ita a kansa ba, ko wanda ya zarge shi shi ne kuma ya zauna a kwamiti, kotu tana iya rushe korar ta ce a mayar dashi a biya shi albashinsa na baya. In kuwa kamfanin ɗan kwangila ne ya ɗauke shi, galibi diyya ake samu ba komawa aiki ba, duk da cewa kotun yanzu tana tambayar mai aiki dalilin kora, ba kamar da ba da ake cewa ya ga dama ne kawai. Dokar ƙwadago ma ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, in ba a bashi ba wannan ma abin faɗa ne.

Sai lokaci, nan ne mutanenmu suke faɗuwa. Dokar da ta kafa hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya a 1955 ta sa wa'adin wata 12 na shigar da ƙara, kuma sai an ba hukumar sanarwa a rubuce wata 3 kafin a shigar. In a can yake, kar ku zauna ana ta aika dattawa har shekara ta zagayo. A yi roƙon in za a yi, ban hana ba Alhaji, amma takarda tana tafiya a gefe.

Game da amsar da ya riga ya bayar, bata kashe shi ba amma ta yi masa rauni. Ya rubuta ƙarin bayani yanzu, da kwanan wata, ya ce a firgice ya rubuta ta farko kuma haƙurin da ya bayar na damuwar abin da ya faru ne ba amsa laifi ba, sannan ya jero abin da ya faru daki-daki da lokuta, ya nemi a bashi kwafin duk rahoton da aka rubuta a kansa. Ya yi kwafi biyu, a buga masa hatimin karɓa a kan nasa. In an ƙi karɓa ya aika ta masinja mai bada rasit.

Wani abu kuma, kar ku ɗauka sai 'yan sanda sun kama shi da sata kafin a iya korarsa, kotuna sun yarda mai aiki ya hukunta kan babban laifin aiki muddin ya saurari mutum yadda ya kamata. Saboda haka zaman kwamitin nan ba wasa bane.

Kwamared_Sabo:

Duk wannan dogon turanci ne. A rufe layin kawai, ma'aikata su ajiye aiki sai an dawo dashi, shi kaɗai ne yaren da manya suke ji.

Barista_Kn:

Kwamared a yi a hankali. Sufurin jirgin ƙasa yana cikin ayyukan da doka ta kira na wajibi, yajin aiki a can yana da tsauraran sharuɗɗa, ga kuma ba aiki ba albashi. Kuma wace ƙungiya ce za ta tsayar da jirgi kan mutum ɗaya da ko korarsa ba a yi ba? Sai dai ka ƙara masa laifin tunzura ma'aikata.

Dalibin_Kwadago:

Barista Allah ya ƙara basira. Ni akan wannan fannin nake karatu, kuma abin da yake ƙona min rai shi ne ainihin abin da malamin makarantar ya kwatanta, wato ma'aikaci ɗaya a kai maganarsa gaban mai raba gardama ba tare da kotu ba, akwai ƙasashen da haka tsarin reluwensu yake tun kakanninmu.

A Amurka suna da dokar ƙwadago ta ma'aikatan jirgin ƙasa su kaɗai tun 1926, a 1934 aka gyara ta aka kafa wata hukumar raba gardama a Shikago da ake kira NRAB, rabin mambobinta daga kamfanoni rabi daga ƙungiyoyi. Sun raba rigima gida biyu, babba ita ce ta ƙulla sabuwar yarjejeniya kamar ƙarin albashi, ƙarama ita ce ta fassara yarjejeniyar da take ƙasa, kuma ladabtarwa da kora duk a ƙarama suke. A kan ƙarama babu yajin aiki, dole a tafi raba gardama. Da ƙararraki suka yi wa hukumar yawa har mutum ya shekara da shekaru yana jira, sai a 1966 aka ba da damar kafa ƙananan kwamitoci na mutum uku tsakanin kamfani ɗaya da ƙungiya ɗaya, wakilin kamfani, wakilin yuniyan, da ɗan ba-ruwanmu a tsakiya, wanda gwamnati ce take biyansa ba ma'aikacin ba. Tunda na kamfani da na yuniyan kowa nasa zai bi, a zahiri ɗan tsakiyar ne mai hukunci. In ya yanke ta zauna, kotu bata sake buɗe maganar sai in an saɓa wa dokar, ko kwamitin ya wuce huruminsa, ko an samu maguɗi da cin hanci.

To ga inda ya shafi ƙanin Malam. Ko a can ɗin, zaman farko kamfani ne yake shirya shi kuma jami'in kamfani ne yake jagoranta, ana naɗar kowace kalma a rubuta, wakilin yuniyan yana yi wa shaidu tambayoyi. In magana ta kai gaban ɗan ba-ruwanmu, baya kiran sabbin shaidu, wancan rubutaccen bayanin zai karanta. Hujjar da baka kawo a zaman farko ba ta wuce ka. Shi yasa wakilan yuniyan ɗinsu suke tsayawa kai da fata a zaman farko, ko ƙorafi ne sai sun tabbatar an rubuta shi. Abin da yake dubawa kuma, an bi ƙa'ida da wa'adin da yarjejeniya ta sa? akwai gamsasshiyar hujja? hukuncin ya yi daidai da girman laifin da tarihin aikin mutum? Sau da yawa sai ka ga an ce a mayar da mutum bakin aiki da matsayinsa amma babu albashin watannin da ya zauna, kowa ya samu rabi ya rasa rabi.

Kanada ma suna da ofishinsu na raba gardamar reluwe tun 1965, su har maki ake tara wa mutum na laifi, in ya kai 60 ne ake sallama. Ni a ganina ko ba komai wannan ya fi namu adalci ga ƙaramin ma'aikaci, don mutum ya san inda yake tsaye, ba rana ɗaya a wayi gari a ce kwamiti ba. Ba wai nasu babu matsala bane, ma'aikatansu suna kukan jinkiri da kuma cewa kamfani ne mai tuhuma kuma shi ne alƙalin farko. Amma leburan layi a can baya sayar da akuyarsa ya biya lauya.

Dattijon_Kasuwa:

To ɗan makaranta mun ji na Amurka, mu dai a Jigawa muke. Ni har yanzu ina kan bakana, a haɗa da dattawa. Amma ni ma na yarda kar a sake sa hannu a kan komai ba tare da wani ya karanta masa ba.

TsohonHelima:

In za ku tura dattawan ku gaya musu abin da za su roƙa. Su ce a yi bincike da adalci a saurari yaro, kar su je suna cewa a yafe masa kuskure ne. Na ga inda kawun mutum ya je roƙo ya amsa masa laifin da shi bai amsa ba.

Manomin_Gero:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Jiya da daddare muka zauna dashi muka zazzage jakar takardunsa. Takardar ɗaukar aiki tana nan har da ta tabbatarwa, na dindindin ne. Kiran da ya yi wa helima yana nan a waya ƙarfe 6:40 na safe, mun ɗauki hoto. Yace aikinsa na safe ne, bai taɓa gadin dare ba, kuma akwai wani mai lambu a bakin layin da suka gaisa a ranar, har shi ya fara nuna masa inda aka ja ƙarfen a ƙasa. Sakataren yuniyan na reshensu yace ya zo ranar Litinin da takardun. Abin da ya rage jadawalin aikin, yana ofis kuma yaron an hana shi shiga, wani abokin aikinsa yace zai iya ɗauko masa hoto a ɓoye. Ranki ya daɗe Barista mu karɓa?

Barista_Kn:

A'a kar ku karɓa, za ku jefa abokin nasa cikin kweri shi ma, kuma a kwamiti sai a bar zancen jadawali a koma zancen ta ina kuka samu. A cikin wasiƙar ƙarin bayanin ya rubuta cewa yana neman a gabatar da jadawalin aiki da littafin zagaye na wannan makon a gaban kwamiti, sakataren yuniyan ma ya nema da tasa wasiƙar. In sun kawo ya wanke shi, in sun ƙi kawowa ƙin nasu yana rubuce, kuma zai yi amfani a gaba. Mai lambun ku tambaye shi tun yanzu ko zai yarda ya zo da kansa, ku biya masa kuɗin mota kawai kar ku bashi ko sisi bayan wannan. In kuka ga an ɗau watanni ana jan ƙafa kwamiti bai zauna ba yana ta cin rabin albashi, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, tana da ofis a Dutse da Kano kuma kyauta ne, sai dai ku sani bata taɓa maganar da take gaban kotu, don haka ita ake fara zuwa. Ranar zaman ya tafi da biro da takarda ya rubuta sunan duk wanda ya zauna da abin da aka tambaye shi, kuma in aka miƙo masa bayanin zaman ya sa hannu, sai ya karanta tukuna ko sakataren ya karanta masa, inda ba haka ya faɗa ba ya ce a gyara kafin ya sa.